Shuɗin Marantz da rigimar LED: tarihin 'yan fitilun tsohuwar rediyon sitiriyo 🧵

1/ Jama'a, yau hirar tsofaffin kayan sauti za mu yi. Manyan rediyoyin nan na shekarun 1970 masu fuskar azurfa da akwatin katako: Marantz, Pioneer, Sansui, Kenwood. Sunansu risiba, amma ba risibar dish ba fa. Rediyo ce da amfilifaya a jiki ɗaya, ka jona mata sifika da abin juya faifai. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Duk wanda ya taɓa ganin ɗaya a kunne cikin ɗaki mai duhu ya san ba sautin ne ke fara kama mutum ba. Hasken ne. Gilashin lambobin tashoshi ya ɗauki shuɗi ko kore, alluran mita biyu na rawa, ga 'yar jar fitila da ke kamawa idan ka dace da tasha. Duk wannan kwalliyar aikin wasu ƙananan ƙwayayen fitila ne da ba su kai yatsa tsawo ba.

3/ Yau waɗannan ƙwayayen sun ƙone, ko suna hanya. Tambayar da ta raba kan masu gyara da masu tara kayan da ita ce: a mayar da irin na da, ko a saka LED? Za ka ɗauka ƙaramar magana ce, amma mutane sun shekara suna musu a kanta. Kuma ba za ka gane musun ba sai ka san daga inda fitilun biyu suka fito.

4/ Mu fara da kayan kansu. Saul Marantz ɗan New York ne, ya kafa kamfaninsa a farkon shekarun 1950. A 1964 ya sayar wa Superscope, su kuma a hankali suka mayar da ƙira Japan, wajen wani kamfani mai suna Standard Radio. Daga can ne Marantz 2270 ta fito a 1971. Wannan 70 ɗin na ƙarshen sunan ƙarfinta ne: wat 70 a kowane gefe.

5/ Sai gasa ta ɓarke. Kowane kamfani na buga lambar wat ɗin da ya ga dama a talla, har a 1974 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa dokar yadda za a auna ƙarfin amfilifaya. Da ƙarya ta ƙare, dole a yi na gaske. Pioneer ta fito da SX-1250 mai wat 160 a 1976, sai SX-1980 mai wat 270 a 1978, nauyinta wajen kilo 35. Technics ta ce ba za a bar ta a baya ba, ta kawo SA-1000 mai wat 330.

6/ Kilo 35 fa. Rediyo. Mutum biyu ke ɗauka 😅

7/ Sojojin Amurka da ke Biyetnam da sansanonin Asiya sun taimaka sosai wajen yaɗa kayan Japan ɗin nan, domin a kantunan soja suna samunsu da araha su aika gida. Mu kuma a nan zamanin ya zo daidai da kuɗin fetur da ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata har da ariyas a 1975. Ku tambayi manya a gida abin da aka yi da kuɗin Udoji. Babur, firji, talabijin, kayan kiɗa. Shi ya sa har gobe ake tsintar irin waɗannan a sito ko ƙarƙashin gado.

8/ To, yaya aka haska fuskar? A bayan gilashin akwai jerin ƙwayaye, da yawansu masu siffar fiyus, gilashi dogo da hular ƙarfe a kowane kai. Na Marantz yawanci volt 8 ne, miliamfiya 200. Wasu kamfanonin na amfani da masu 250 ko 300. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar alkama, na allurar nuna tasha da na rubutun AM, FM da STEREO.

9/ A cikin kowanne akwai siririn zaren tongistan. William Coolidge na kamfanin General Electric ne ya gano yadda za a ja wannan ƙarfe ya zama zare, wajajen 1910. Wuta na bi ta ciki, zaren ya yi zafi sama da digiri 2,000, ya yi haske. Wato asalinsa abin ɗumama wuri ne, hasken kyauta ce a kai. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama.

10/ Yi lissafi: volt 8 sau amfiya 0.2, wat 1.6 ke nan kowane ƙwai. Jera biyar ko bakwai a cikin ɗan akwatin roba da iska ba ta shiga, ka tara wajen wat 10 na zafi a wuri ɗaya. Kowane dare. Shekara da shekaru.

11/ Nan ne masu goyon bayan LED ke da hujja mai ƙarfi, kuma ba zan rage musu komai ba. Buɗe tsohuwar Marantz ka gani. Robar da ke riƙe da fitilun ta gasu, ta lanƙwashe, wani wuri ta narke, ka taɓa ta ruguje kamar busasshen ganye. Abin ya fi muni idan wani mai gyara a baya ya rasa na 200 ya cusa mai cin wuta fiye da haka. Kamfanin da ya ƙera wannan robar ya daina tun kafin a haifi yawancinmu.

12/ Ga kuma matsalar wutarmu. Ƙwan tongistan ba ya jure hauhawar wuta ko kaɗan: ƙarin kashi 5 cikin 100 kawai kan rage rayuwarsa da kusan rabi. Yanzu ku tuna yadda NEPA ke kawo ta, da janareta mai tari. Ƙwan da zai yi shekaru a Tokyo, a nan sai dai addu'a.

13/ Na san wani zai shigo ƙasa ya ce ai da gangan ake yinsu su ƙone. Akwai ƙamshin gaskiya a tarihin: a 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, sun haɗu a Geneva suka kafa ƙungiyar Phoebus, suka ƙayyade rayuwar ƙwan gida zuwa awa 1,000. Amma wannan ta watse tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Na cikin rediyonku tsufa ne kawai, zaren yana ƙarewa a hankali har ya tsinke.

14/ To me ya hana injiniyoyin 1971 saka LED tun farko? Ba su san shi ba ne? Sun sani sarai. Ku biyo ni, nan labarin ya fi daɗi.

15/ Tun 1907 wani injiniyan kamfanin Marconi, H. J. Round, ya lura cewa idan ya sa wuta a wani dutse mai suna silikon kabaid yana fitar da ɗan haske ba tare da ya yi zafi ba. Ya rubuta gajeren bayani ya wuce. A shekarun 1920 wani matashi ɗan Rasha, Oleg Losev, ya zauna ya yi binciken abin da gaske, ya wallafa. Ba wanda ya ɗauka. Yunwa ta kashe shi a Leningrad a 1942, lokacin da Jamusawa suka yi wa birnin ƙawanya.

16/ Sai 1962 Nick Holonyak ya yi LED ja da ido ke gani, a General Electric. Eh, kamfanin da ya ba duniya zaren tongistan, a cikinsa aka haifi abin da zai kashe shi. Zuwa 1968 Monsanto ta fara ƙera jan LED da yawa don kasuwa. A 1972 George Craford ya kawo rawaya.

17/ Amma duk dishi-dishi suke. Sun isa su ce maka na'ura a kunne take, sun isa lambobin kalkuleta, ba su isa haska gilashi mai tsawon kamu biyu ba. Shi ya sa zuwa ƙarshen shekarun 1970 za ka ga wasu rediyoyin da ɗigon jan LED a alamar sitiriyo, amma babban gilashin yana nan da ƙwansa na tongistan.

18/ Shuɗi kuwa shi ne ya gagara. Babu shuɗi, babu fari. Masu bincike a RCA sun samu wani mai rauni a farkon shekarun 1970, kamfanin ya rufe aikin. Manyan kamfanoni suka zuba kuɗi shekara da shekaru, shiru. Sai 1989 Isamu Akasaki da ɗalibinsa Hiroshi Amano a Nagoya suka warware babban ƙullin sinadarin galiyom naitiraid.

19/ Sannan Shuji Nakamura, ma'aikacin wani ƙaramin kamfani mai suna Nichia a garin Anan, tsibirin Shikoku, ya kai abin kasuwa a 1993: shuɗin LED mai haske na gaske. A 1996 Nichia ta shafa masa wani sinadari mai mayar da sashen shuɗin rawaya, haɗuwarsu ta ba da fari. Farin tocilan ɗin wayarka daga nan ya samo asali.

20/ Tukuicin da kamfanin ya ba Nakamura? Yen 20,000. Bai kai dala 200 ba. Ya kai ƙara a 2001, kotu a Tokyo ta yanke masa yen biliyan 20 a 2004, aka ɗaukaka, aka sasanta a kan wajen yen miliyan 840 a 2005. A 2014 su ukun suka karɓi kyautar Nobel ta fiziks. Holonyak, mai jan farko, bai samu ba har ya rasu a 2022.

21/ Yanzu ku haɗa ranakun. Marantz 2270: 1971. Shuɗin LED mai haske: 1993. Shekara 22 tsakani. Wato shahararren shuɗin Marantz ɗin nan da ake ta yabo, babu fitila shuɗiya ko ɗaya a bayansa.

22/ Dabara ce aka yi. Hasken tongistan ja-ja ne mai rawaya, shuɗin cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Aka sa farar takarda mai shara-shara a gabansa don ta baje hasken, sannan launin shuɗi a jikin fuskar lambobin ya tace shi. Abin da ke fitowa shuɗi ne mai sirkin kore, mai laushi, ba ya sukar ido. Wanda ya zaɓi wannan launin ya zaɓe shi ne da sanin irin ƙwan da ke baya.

23/ Cire wannan ƙwan ka saka LED fari ƙal, ko shuɗi, sai matacin ya samu shuɗin da bai taɓa samu ba. Fuskar ta koma kamar fitilar da samari ke liƙa wa ƙarƙashin babur. A hoto yana da kyau, shi ya sa masu sayarwa a intanet ke sonsa. Amma ba wani mutum a 1971 da ya taɓa ganin wannan launin a ɗakinsa, domin babu shi a duniya a lokacin.

24/ Kuma matasa da yawa yanzu wannan suka fara gani, sun ɗauka shi ne na asali. Ni abin da ke damuna ke nan. Idan aka ci gaba a haka, za a wayi gari hoton shekarun 1970 da ke kan mutane launin shekarun 2000 ne.

25/ Sai dai masu cewa a bar komai yadda yake su ma kada su cika baki. Takardar nan da na ce, zafin shekara 50 ya mayar da ita kalar shayi. Rawaya a kan shuɗi kore yake bayarwa. Don haka koren da kake gani a wadda ba a taɓa buɗewa ba, shi ma ba launin kanti ba ne, launin tsufa ne. Launi uku ke nan: na ranar da aka saya, na bayan shekara 50, da na LED. Sau da yawa masu musun ba ma a kan abu ɗaya suke magana ba.

26/ Ra'ayina: idan rediyon ta saurare ce ta kullum, a wutar ƙasar nan, a saka LED a babban gilashin. Amma mai ɗumin launi, wanda aka rubuta 2700K ko 3000K a jikinsa, ba mai 6000K ba. A canza takardar da sabuwa fara. Da waɗannan biyun za ka matso kusa da na asali, robar kuma ta huta. Idan ta ajiya ce da ake kunnawa jefi-jefi, a nemo ƙwan tongistan mai lamba daidai, har yanzu ana samu.

27/ Amma fa ba cire-ka-saka ba ne kamar ƙwan ɗaki. A yawancinsu fitilun gilashi AC suke sha kai tsaye daga tiransifoma. Tongistan bai damu ba, ko ta ina wuta ta zo zai ci. LED hanya ɗaya yake bari ta wuce. A wutarmu mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, zai riƙa kamawa yana ɗaukewa sau 50. Wani ba zai lura ba, wani kuwa da ya juya ido zai ga yana ƙyafta, har ya sa masa ciwon kai.

28/ Kuma volt 8 na AC ƙololuwarsa ta haura 11, alhali yawancin LED ba a so wutar da ta zo masa ta baya ta wuce 5. Masu kyau da ake sayarwa a siffar fiyus sun zo da resista da dayod a ciki. Idan da hannu za a haɗa: farin LED na cin wajen volt 3, saura 5. Kana son miliamfiya 10, to 5 a raba da 0.01, om 500. Resista mai 470 ko 560 ta yi, da dayod na kariya. In haske ya yi yawa, ƙara girman resistar. Yawanci ma yawa yake yi.

29/ Wani abu kuma: ƙwai ko'ina yake watsa haske, gaba da baya da gefe, akwatin ya dawo da shi. LED gaba kawai yake harbawa. Sakamakon shi ne tabo-tabo, nan haske nan duhu, kamar an jera tocila biyar a bayan labule. Wani lokaci juya shi ya kalli farin bangon akwatin ya fi a sa shi ya kalli gilashin.

30/ Yanzu 'yar fitilar STEREO, wadda ta fi kowacce tarihi. A 1961 Amurka ta amince da tsarin sitiriyo na FM da Zenith da General Electric suka kawo, aka fara watsawa ranar 1 ga Yuni. Tashar na ɓoye wani siririn sauti mai kilohaz 19 a cikin shirinta. Rediyo na jin sa, sai ta buɗe hagu da dama, ta kunna fitilar. Wannan sautin har yau tashoshin FM na aika shi. Rediyon 1971 za ta gane tashar da aka buɗe bana.

31/ Abin lura, a da yawa daga cikinsu wani ƙaramin IC ne mai raba sitiriyon ke kunna fitilar da kansa, kuma abin da zai iya ɗauka kaɗan ne, 'yan gomomin miliamfiya. Zaren tongistan in yana da sanyi yana zuƙar wuta ninki goma ko fiye a ƙiftawar farko. Saka masa ƙwan da ya fi ƙarfinsa, IC ɗin ya tafi, kuma irinsa ba a kowane shago ake samu ba. A nan LED da resistarsa sauƙi ne ga na'urar. Sai dai wannan layin DC ne, in ka juya ƙafafun ba zai kama ba.

32/ A wasu kuma an jera fitilun ne a layi ɗaya suna raba wuta, ko an sa resista ɗaya tana rage wa dukkansu. Canza rabi ka bar rabi, wutar da ke kan sauran ta hau, su ƙone ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa kafin a taɓa komai a nemo zanen na'urar. Na yawancin sanannun nan suna intanet kyauta.

33/ Kada ku raina ƙwai a matsayin kayan aiki. Na'urar farko da Hewlett da Packard suka sayar a 1939, HP 200A mai samar da sautin gwaji, ƙaramin ƙwan fitila ne ke daidaita ƙarfinta, saboda yadda zarensa ke ƙara tauri ga wuta idan ya yi zafi. Kamfanin Disney ya sayi guda 8 na samfurin da ya biyo baya don aikin fim ɗin Fantasia. Injiniyoyin wancan zamanin sun saba sa ƙwai aiki biyu.

34/ Roƙona ga masu gyara: kada a yanke wayoyin asali, kada a cika wurin da gam. A yi aikin yadda wani zai iya mayar da shi gobe. Tsofaffin ƙwayayen a ƙulla su a 'yar leda a ajiye, lambobin jikinsu shaida ce. Kuma a zare daga soket kafin a buɗe. Manyan kafasitocin ciki na riƙe wuta bayan an kashe, ba wasa ba ne.

35/ Wanda ya tsinci ɗaya a gida: don Allah kafin ka miƙa wa 'yan jari bola su auna a kilo, juya bayanta ka karanta. In an rubuta 100V ta kasuwar Japan ce, 120V ta Amurka. Jona ta kai tsaye a wutarmu ta 230, ba fitilu kaɗai za su tafi ba. Wasu na da maɓallin zaɓen volt a baya, a duba inda yake kallo. Fuska duhu kuma ba ta nufin ta mutu. Sau da yawa ƙwayayen ne kawai.

36/ Na ƙarshe. Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya kunna rediyon da ta shekara 20 a ajiye haka kawai. Yana sa ƙwan tongistan na ɗaki, mai wat 60 ko 100, a kan layin wutar kafin ta shiga rediyon. In lafiya, ƙwan zai yi wal sannan ya dushe. In akwai abin da ya haɗe a ciki, zai tsaya da haske, ya shanye wutar, tiransifoma ta tsira.

37/ LED ba zai iya wannan aikin ba, ko na nawa ne. Zaren mai zafi ake buƙata. Tarayyar Turai ta fara janye irin wannan ƙwan daga kasuwa a 2009 ta kammala a 2012, Amurka ta bi sahu a 2023, a shagunanmu ma kullum raguwa yake. In kana da niyyar taɓa tsofaffin kayan nan kuma ka ci karo da mai wat 100 a shagon unguwa, sayi biyu ka ajiye.